Yadda ake saita ɗigogin fokas don ɗaukar doki a sukuwa da sauran abubuwa masu motsi

Duk ranar hawan sallah, a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ko ta Sarkin Gombe, za ka ga masu kyamara sun jeru suna ta ɗauka lokacin da mahaya suka sako dawaki za su kai jahi. In an koma gida aka zauna tantance hotuna, sai a tarar katangar fada ta fito ras, hular wani ɗan kallo ta fito ras, shi kuwa mahayin da aka sha rana dominsa ya fito dishi-dishi. Sau da yawa dalilin guda ne. An bar wa kyamara ta zaɓi inda za ta kama da kanta, ita kuma ta kama abin da ya fi kusa da ita ko ya fi mata sauƙin gani. 'Yan akwatunan nan da kake gani in ka leƙa cikin kyamara, waɗanda ake kira ɗigogin fokas, da su ake nuna mata abin da ake nufi.

Da doki za mu riƙa misali, domin shi ya fi wuya. Yana da gudu, yana tahowa kai tsaye, yana tayar da ƙura, kuma ba a maimaita jahi saboda mai hoto bai shirya ba. Wanda ya iya shi, ɗan ƙwallo a filin wasa na Pantami ba zai gagare shi ba.

Kayan aiki

Kyamara mai canza lensi. Kusan dukkansu suna iya bin abu mai motsi, bambancin yana wajen yawan ɗigogi da irinsu. Canon 2000D da 600D suna da ɗigo 9, na tsakiya kaɗai ne mai gicciye, wato mai ganin zane a tsaye da a kwance. Nikon D3500 tana da 11, ita ma mai gicciye ɗaya ne. D5600 tana da 39, 9 daga ciki masu gicciye. D7200 da D750 suna da 51, masu gicciye 15. Canon 70D tana da 19, 80D tana da 45, 7D Mark II tana da 65, duk masu gicciye. Waɗannan duk masu madubi ne a ciki. Marasa madubi kuwa sun wuce nan, Sony a7 III ɗigo 693 gare ta da suka rufe kusan dukkan faɗin hoto. Mai ɗigo 9 kada ya karaya, akwai hanyarsa a gaba.

Lensi mai jawo nesa: 55-250mm, 70-300mm, ko 70-200mm ga wanda aljihunsa ya kai. Injin da ke juya fokas a cikin lensi yana da muhimmanci kamar ita kyamarar. A Canon nemi mai rubutun USM ko STM, a Nikon AF-S ko AF-P. Lensin Canon 75-300mm mai sauƙin kuɗin nan yana da nawa wajen juya fokas, doki mai tahowa yakan riga shi. Mai sayen lensin Nikon na hannu kuma ya kula: kyamarorin jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, saboda haka tsohon lensi mai alamar AF-D ba zai yi fokas da kansa a kansu ba sam.

Memori mai alamar V30 ko U3, wato mai rubuta aƙalla megabayit 30 a daƙiƙa. Mai nawa zai sa kyamara ta tsaya cik a tsakiyar jahi tana jiran ya haɗiye hotunan baya.

Batir biyu a cike, hular lensi, robar hura iska da ƙyallen goge gilashi. Ƙurar da ta zauna a gaban lensi tana rage kaifin abin da ɗigogi ke gani.

Ɗan abin da ya kamata ka fahimta tukuna

Ɗigon fokas ba ya gane mutum ko doki. Abin da yake nema shi ne iyaka tsakanin haske da duhu, kamar bakin rawani a kan fuska, aikin wuyan riga, ko igiyar linzami a kan kuncin doki. Yana kwatanta hasken da ya shigo ta gefe biyu na lensi, daga nan ya san ko fokas ya wuce gaba ne ko ya tsaya baya, da kuma iya yadda zai juya. In ka ɗora shi a kan farar shadda wadda ba ta da aiki, babu abin da zai kwatanta, sai ka ji lensi yana kai da komowa.

Ɗigo iri biyu ne a kyamarori masu madubi. Na layi ɗaya yana ganin zane mai tsaye ne kawai ko mai kwance kawai. Mai gicciye yana ganin duka biyun, shi ya sa ya fi saurin kamawa kuma ya fi jure ƙura da ƙarancin haske. A ƙananan kyamarori na tsakiya ne mai gicciye. Kuma ka sani ainihin wurin da ɗigo ke karantawa yakan ɗan fi akwatin da aka zana maka girma, don haka in akwatin yana bakin kafaɗar mahayi, zai iya zamewa ya kama tutar da ke bayansa.

Ga lissafin da ya sa duk wannan ya zama dole. Doki mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Da lensi 200mm a f/4, wato ma'aunin buɗewar lensi (ƙaramar lamba, buɗewa mai faɗi), a kan kyamara irin su 80D ko D7200, in dokin yana nisan mita 15, zurfin wurin da zai fito ras bai wuce santimita 90 ba. Kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya fice daga ciki. Fokas ɗin da aka kama sau ɗaya aka kulle ya riga ya zama tsohon labari kafin yatsa ya ƙarasa danna maɓalli.

Mataki na 1: Gyara tagar leƙe da maɓallan jikin lensi

Kusa da tagar da kake leƙawa akwai ɗan ƙaramin gargare. Juya shi har sai lambobin ciki da akwatunan ɗigogi sun fito tar a idonka. Wannan ba ya canza hoto, amma in bai daidaita ba ba za ka gane lokacin da fokas ya zame ba. Duba maɓallin gefen lensi yana kan AF, wato lensi ya yi fokas da kansa. In lensin yana da maɓallin taƙaita nisa, sa shi a ɓangaren nesa, don kada ya ɓata lokaci yana neman abu a gaban hancinka. Ka yi aiki ta tagar leƙe. A tsofaffin kyamarori masu madubi, ɗauka ta allon baya tana amfani da wata hanyar fokas mai nawa wadda ba ta iya bin gudu.

Mataki na 2: Sa fokas mai bi

A Nikon da Sony sunansa AF-C. A Canon mai madubi AI Servo, a marasa madubi Servo AF. Muddin kana riƙe da maɓalli, kyamara tana ta auna nisa, tana lissafin saurin abin da ke tahowa, tana kuma hasashen inda zai kai a daidai lokacin da shata, wato labulen da ke barin haske ya shiga, za ta buɗe.

Kauce wa AF-A da AI Focus. Su ne waɗanda kyamara ke yanke wa kanta shawarar ko abu yana motsi, kuma takan makara. Wani abin da ke rikita sabon hannu: a fokas mai bi, ƙarar nan ta tabbatar da kamawa ba ta fitowa. Kyamarar lafiyarta ƙalau, haka aka yi ta.

Mataki na 3: Zaɓi ɗigo nawa za su yi aiki

Nan ne gundarin maganar. Ƙa'idar ita ce ka yi amfani da mafi ƙarancin ɗigogin da hannunka zai iya riƙewa a kan abin. In sun yi kaɗan, abu zai zame maka. In sun yi yawa, kyamara ta samu damar zaɓen wani abin daban.

Ɗigo ɗaya shi ya fi daidaito. Da shi ake ɗaukar abin da ke tafiya a hankali ko yake cikin cunkoso: hakimi a kan doki yana takawa a tsakiyar zagage, ko gwanki da ɓauna a cikin dogayen ciyayin Yankari, inda duk wani yanki mai faɗi zai kama ciyawar gaba ya bar dabbar. Matsalarsa ita ce riƙe shi a kan doki mai sukuwa da lensi 200mm aiki ne na ƙwararren hannu.

Ɗigo ɗaya da mataimakansa shi ne abin da ya fi dacewa da sukuwa da ƙwallo. Kai ka zaɓi babban ɗigo, in abin ya ɗan zame daga kansa na kewaye su riƙe maka na ɗan lokaci. A Nikon sunansa Dynamic-area, kuma za ka ga d9, d21, da d39 ko d51 gwargwadon kyamarar, lambar ita ce yawan ɗigogin. Fara da d9. Koma d21 in abin yana kauce-kauce, kamar ɗan wasan gefe mai yanka. Bar d51 ga tsuntsu a sarari. A Canon 7D Mark II da 5D Mark III sunansa AF point expansion, mai mataimaka 4 ko 8. A Sony Expand Flexible Spot.

Yanki, wato Zone AF a Canon 70D da 80D, ko Group-area a su D750 da D7500, gungun ɗigogi ne masu aiki tare. Yana da sauƙin riƙewa, amma yakan fifita abin da ya fi kusa. Ga mahayi ɗaya a fili yana da kyau ƙwarai. In dawaki biyar suka taho kafaɗa da kafaɗa, zai kama hancin wanda ke gaba, ko da sarautar da kake nema tana kan na uku.

3D-tracking na Nikon yana haddace kalar abin da ka fara ɗora ɗigo a kai, ya riƙa binsa yana sauya ɗigo da kansa. Yana burgewa in mahayi ya saka jar alkyabba a gaban farar katanga. Amma tawagar hakimi takan fito cikin anko, 'yan ƙwallo kuma rigarsu iri ɗaya ce, nan sai ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan.

Barin dukkan ɗigogi a buɗe wuri ɗaya yake da amfani: inda babu komai a bayan abin. Shirwa a sama, balbela a kan ruwan madatsar Dadin Kowa. A filin hawa ko filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa kuwa, shi ne ke kawo hotunan 'yan kallo masu kyau.

Mai Canon 2000D ko 600D zaɓi biyu kawai gare shi, ɗigo ɗaya ko duka tara. Ya zaɓi na tsakiya, ya ɗan rage zuƙowa yadda doki zai samu fili a kowane gefe, daga baya ya yanke hoton a kwamfuta. Megafiksel 24 na 2000D ya isa a yanke kusan rabi a kuma wanke hoto mai kyau. In ya buɗe duka taran a AI Servo, kyamarar da na tsakiya take fara kamawa sannan ta miƙa wa sauran, amma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi, abu yakan faɗa rami.

Sababbin marasa madubi suna gane fuska da ido, wasu har dabba. Ka kunna, amma ka haɗa shi da ƙaramin yanki don ta nemi fuska a inda ka nuna kawai. Mahayin da ya ja amawali ya rufe baki da hanci, ko ɗan lifida mai kwalkwali, yakan rikita ta, sai ta koma kan fuskar wani yaro a gefen hanya.

Mataki na 4: Saurin shata, buɗewar lensi da ISO

Fokas yana iya zama daidai hoto ya lalace saboda shata ta yi jinkiri. Juya gargaren saman kyamara zuwa Tv a Canon ko S a Nikon da Sony, inda kai ke kafa saurin shata. Mai tafiya a ƙafa 1/500 na daƙiƙa ya ishe shi. Ɗan ƙwallo 1/1000. Sukuwa da tsuntsu a sama 1/1600 zuwa 1/2000. Da rana tsaka, 1/2000 a f/5.6 yana neman ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, wajen 250, a f/8 wajen 500. Bayan la'asar zai haura 800 zuwa 1600, kada ka ji tsoronsa. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana sayensa, mai dishi-dishi ba a karɓa.

Wanda ya saba zai fi jin daɗin M, ya kafa shata da buɗewa da kansa, ya bar ISO a Auto. Amfanin f/8 shi ne zurfin da muka lissafa ɗazu yana ƙaruwa daga santimita 90 zuwa wajen mita 1.8, wanda zai ɗauki kan doki da fuskar mahayi tare, ya kuma yafe ɗan kuskuren fokas. IS ko VR na lensi rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da doki.

Mataki na 5: Mayar da fokas maɓallin baya

Wannan ba dole ba ne, amma wanda ya saba da shi ba ya komawa. Babban yatsa yana riƙe da fokas, manuniya tana ɗauka, kowa da aikinsa. In doki ya tsaya cak, ka saki babban yatsa, fokas ya tsaya inda yake, ka gyara tsarin hoto yadda kake so ba tare da ka fita daga AF-C ba. In wani ya gifta ta gabanka, ka saki, ya wuce, ka sake dannawa.

A kyamara mai maɓallin AF-ON, shiga menu ka cire fokas daga maɓallin shata: a Canon cikin Custom Controls ka mayar da shi Metering start, a Nikon cikin AF activation ka zaɓi AF-ON only. A D3500 da D5600 ka ba maɓallin AE-L/AF-L aikin AF-ON. A 2000D da 600D nemi Shutter/AE lock button a cikin Custom Functions ka zaɓi lamba 3, maɓallin tauraro ya zama na fokas. Kada ka fara gwada wannan ranar aiki. Yatsa yana buƙatar kamar mako guda kafin ya daina mantawa, kuma in ka miƙa wa wani kyamarar ya ɗauke ka, gaya masa.

Mataki na 6: Ɗauka a jere

Sa kyamara a ɗauka a jere mafi sauri. 2000D tana yin 3 a daƙiƙa, D3500 5, D7200 6, 80D 7, 7D Mark II da D500 10. Ka riƙa sakin uku zuwa biyar, ka ɗaga yatsa, ka sake. Duk lokacin da madubi ya ɗaga a kyamara mai madubi, ɗigogi sun makance na ɗan lokaci, don haka dogon jeri yana rage musu damar gyara, yana kuma cika ma'ajiyar kyamara daidai lokacin da mahayi ya ɗaga takobi. In kana ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoto mai nauyi da ba a matse ba, ma'ajiyar ta fi saurin cika. A Nikon akwai AF-C priority selection: Release yana ɗauka ko fokas bai tabbata ba, Focus yana jira. Ga sukuwa bar shi a Release, jiran yakan sa a rasa lokacin gaba ɗaya.

Mataki na 7: Tsayuwa, kamawa da bi

Zaɓi wurin tsayawa kafin komai. Rana ta kasance a bayanka ko a gefe. In tana fuskantarka, ƙurar da dawaki suka tayar takan yi fari fat, ɗigogi su rasa iyakar da za su kama. Hazon hunturu ma haka yake yi ga abin da ke nesa. Kuma kada ka tsaya daidai kan layin da doki ke tahowa. Ka ɗan karkata gefe, nisan zai riƙa canzawa a hankali, lensi ya samu sauƙi, ga hoton ya nuna jikin doki da kayansa.

Matsar da babban ɗigo zuwa inda kake son fuskar mahayi ta faɗa, yawanci layi ɗaya sama da tsakiya, muddin ɗigon wurin mai gicciye ne. A fokas mai bi ba a kamawa da tsakiya sannan a karkatar da kyamara, domin kana karkatarwa za ta kama abin da ɗigon ya koma kai.

Fara kamawa tun dokin yana nesa, daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ka ɗauki hoton farko. Kyamara tana buƙatar aune-aune da yawa kafin ta gane saurinsa. Mafi yawan kuskuren sabon hannu a nan yake: ya ɗaga kyamara ya danna gaba ɗaya lokaci guda, hotuna biyun farko su tafi a banza.

A ina ake ɗora ɗigon? A nesa, fuska ta yi ƙanƙanta, ɗigo zai zame ta gefenta. Ɗora shi a ƙirjin mahayi inda aikin riga yake, ko a mahaɗar rawani da wuya, domin nisansu da fuska kusan ɗaya ne. In rigar fara ce sumul, nemi ɗamara, ratayar takobi, ko hannun da ke riƙe da linzami. Kan doki yana gaban mahayi da kamar mita guda, saboda haka a f/4 sai ka zaɓi ɗaya a cikinsu. Wanda ya ba ka aiki fuskarsa yake nema. Ga ɗan ƙwallo, rubutun ƙirjin riga ne wurin. Hannuwa da ƙafafu ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Buɗe ƙafafu, manne gwiwar hannu da haƙarƙari, hannun hagu a ƙarƙashin lensi, ka juya daga ƙugu. Ci gaba da bi ko bayan ka gama ɗauka. Kada ka riƙa zuƙowa da sauri a tsakiyar jeri, yawancin lensuna suna sakin fokas in an juya zum. Hotuna mafi kyau sukan fito ne tsakanin mita 25 da 12. In doki ya matso fiye da haka, lensi sai ya yi juyi mai yawa a kan kowace mita, kuma ƙananan lensuna ba sa cim masa.

Abu ɗaya da ya fi hoto: ta cikin lensi mai nisa ba a gane kusancin doki. Bar idon hagu a buɗe, ka san inda za ka kauce tun kafin a sako, kuma in dogari ya ce a matsa, a matsa.

Mataki na 8: In abu yana giftawa

A filin hawa kullum akwai mai giftawa, ko mashi, ko laima, ko wani mai waya da ya miƙo hannu. Matsakaita da manyan kyamarori suna da saitin da ke cewa ta daɗe nawa kafin ta saki abin da take bi. A Canon Tracking sensitivity ne, daga −2 zuwa +2, sa −1. A Nikon Focus tracking with lock-on, daga 1 zuwa 5, sa 4. A Sony a7 III AF Track Sens, sa 2. Lura lambobin Nikon da Sony a juye suke: 5 ne mai riƙewa a Nikon, 1 ne a Sony. Kada ka kai shi ƙarshe, domin in ta yi kuskuren kama katanga, haka za ta nace mata. Maganin wannan shi ne ka saki maɓalli ka sake dannawa a kan mahayi.

Masu 7D Mark II da 5D Mark III suna da shiryayyun saituna, Case 1 zuwa 6. Case 2 na masu giftawa ne. Case 4 na abin da ke ƙara gudu ko tsayawa farat ɗaya ne, irin yadda ake jan linzami a gaban sarki.

Mataki na 9: Karanta hoton da ya lalace

Kunna nunin ɗigon fokas a wajen duba hoto, AF point display a Canon, Focus point a Nikon, ka zuƙo hoton sosai. Dubi ƙasa, yashi yana nuna inda fokas ya faɗa. In bayan doki ne ya fito ras, ko ɗigo ya zame ko lensi ya makara. In babu inda ya fito ras kuma abubuwa sun ja layi, laifin shata ne. Na farko-farkon jeri sun lalace na baya sun yi kyau, ka yi gaggawar ɗauka. Na farko sun yi kyau na ƙarshe sun lalace, dokin ya matso fiye da ƙarfin lensi, ja baya ko ƙara karkata gefe. In ko abu a tsaye ma kullum fokas gaba ko baya yake faɗawa, lensin yana buƙatar daidaitawa ta AF Microadjustment a Canon ko AF fine-tune a Nikon. 2000D da D3500 ba su da wannan, sai a kai wa mai gyara.

In kayan ba su kai ba

In lensi ya cika nawa ko ƙura ta hana kamawa, ɗana tarko. Zaɓi wata alama a ƙasa inda ka san dawaki za su bi, dutse ko sawun da na baya suka bari. Kama fokas a kai, saki maɓallin baya ko mayar da lensi MF, wato fokas na hannu, sa f/8, ka ɗauka daidai lokacin da ƙafafun gaba za su isa wurin. Da kyamara mai 3 a daƙiƙa, doki yana cin fiye da mita 3 da rabi tsakanin hoto da hoto, don haka dannawa ɗaya a kan lokaci ta fi jeri.

In haske ya yi ƙasa har 1/1000 ta gagara, koma gefe inda doki zai wuce ta gabanka daga hagu zuwa dama. Sa 1/125, bi shi da kyamara a saurinsa, ka ɗauka kana cikin juyawa. Mahayi zai fito, baya ya ja layi. Ɗaya cikin goma in ya yi kyau ka ci riba. Lensin Canon mai maɓallin IS 1 da 2, sa shi a 2.

A wurin biki da dare, fitilar taimakon fokas ba ta kunnuwa a AF-C ko AI Servo. Yi amfani da ɗigon tsakiya da lensi 50mm f/1.8, ka tsaya inda hasken zaure zai sauka a fuskar amarya in ta iso. In tafiyar a hankali ce, koma fokas mai kamawa sau ɗaya, wato AF-S ko One Shot, da filasha, kana sabunta fokas kowane taku biyu.

Kafin sallah ta zo, je inda ake kilisa da yamma ka nemi izinin mahaya, ko ka tsaya gefen titi nesa da kwalta ka bi keke napep masu tahowa. Ɗauki hoto 50 da ɗigo ɗaya, 50 da mataimaka, 50 da yanki, duk a wuri ɗaya da saurin shata ɗaya. Ƙirga masu kyau a kowane rukuni a allon kwamfuta, domin allon bayan kyamara yana ƙawata hoto. Wanda ya fi yawa ka ajiye saitinsa a C1 in Canon ce mai shi, ko U1 a su D7200 da D750, yadda ranar hawa juyi ɗaya zai dawo maka da shi.